Tsakanin Uwa da Teku

Nafisa, ranar walimar da kuka haɗa mini bayan na ajiye aiki, kin miƙe gaban jama'a kin ce kakanku mutum ne mai hangen nesa, mahaucin da bai taɓa shiga lekol ba, wato makarantar boko, amma ya ɗauki 'yarsa ya tura ta bakin teku ta yi doktora. Aka yi ta tafi, ni ma na tafa, don wurin ba na gyaran zance ba ne. To amma tun ranar abin yake cina. Ba haka aka yi ba, kuma laifina ne da ban taɓa gaya muku ba, ke da Aminu da Sadiya. Baba bai tura ni teku ba. Kuskure aka yi a gabana, na ji shi da kunnena, na yi shiru na bar shi ya tafi a haka. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, bari in rubuta muku yadda aka yi, don kada ku ci gaba da yabon kakanku kan abin da bai yi ba, ku bar abin da ya yi, wanda ya fi wancan wuya nesa ba kusa ba.

Baba, Malam Ɗanladi, mahauci ne ɗan mahauci. Kakansa ne ya biyo fataken shanu daga ƙasar Kano ya sauka Garwa, ya ga gari ya karɓe shi, ya kafa rumfa. A Hausare, unguwar Hausawa, aka haifi Baba, a nan ya tsufa. Da safe yana rumfarsa a babbar kasuwa, da rana yana bayan gida wajen kilishi, kuma kilishin Ɗanladi har daga Duwala ake aikowa a saya. Mutum ne mara yawan magana, amma akwai abu biyu da in aka taɓo su bakinsa ke buɗewa, ruwa da kifi. Ga kogin Binuwai nan a gefen gari, amma ban taɓa ganin ya sa ƙafa a kwalekwale ba, gada ma in mota za ta hau sai ya kama salati har a sauka. Kifi kuwa cewa yake ba nama ba ne, ciyawar ruwa ce, kuma tukunyar da aka dafa shi ba ta sake ganin miyarsa.

Mahaifiyata Bafulatana ce, Dada nake ce mata, kuma ni kaɗai ce 'yarsu da ta rayu. Ina shekara tara ta rasu wajen haihuwa. Da hantsi ne, cikin damina. Jini ya ɓalle, matan unguwa suka yi iya yinsu, kafin a samo mota daga kasuwa rai ya yi halinsa, ita da jaririn. Ina tuna Baba ya shigo a guje da rigar aikinsa, ya tsaya cak a ƙofar ɗaki. Mutumin da hannunsa ya saba da jini tun yana yaro, ya kasa shiga. Daga ranar bai ƙara ambatar sunanta ba. Ƙanwarsa, Gwaggo Asabe, wadda mijinta ya rasu, ta dawo gidan ta riƙe ni, ita ce kuka taso kuka sani a matsayin kakarku.

Ba zan cika ku da jerin makarantu ba. Na gama lise, wato sakandare, a Garwa, Baba ya yarda na tafi jami'a a Yawunde don akwai ɗan'uwansa a unguwar Hausawa da zan zauna gidansa, da sharaɗin in na gama in dawo in koyar a gida. Ilimin halittu na karanta. A shekarar ƙarshe aka kwashe mu zuwa Kiribi mu ga teku mu ɗebo abin aune-aune. Ni 'yar Garwa, da na tsaya gabansa sai na ga ruwa babu ɗaya gaɓar. Amma ba girmansa ne ya kama ni ba. Da muka koma masauki malaminmu ya ɗiga ɗigo ɗaya kan gilashi, ya ce in leƙa ta mikroskop, madubin nan da ke ƙara wa ƙaramin abu girma. Wayyo Allah! Ɗigo ɗaya tak, amma cike da rai, masu ƙafa, masu gashi, masu ido ɗaya, kowa na harkar gabansa kamar ranar kasuwa. Sai da aka janye ni daga wurin. Ranar na san abin da nake so in yi da rayuwata, na kuma san Baba ba zai taɓa yarda ba.

Duk da haka na cike takardun neman gurbi a ɓoye, na dawo gida ina jiran a tura ni koyarwa. Bayan babbar Sallah da 'yan kwanaki wasiƙa ta zo. An ɗauke ni doktora, wato babban digiri na bincike, gwamnati za ta ɗauki nauyina, zan zauna a wata tashar bincike a bakin teku. Kwana biyu takardar tana ƙulle a zanina. A na uku na kai wa Baba bayan la'asar, yana zaure. Ya juya ta gaba da baya, shi da ajami kaɗai yake karantawa, sai ya ce in kira masa Baffa Hamadu.

Baffa Hamadu maƙwabcinmu ne, aminin Baba tun ƙuruciya. Ya shekara talatin yana masinja a ofishin gwamna, pilanto muke cewa, yana kai fayil daga tebur zuwa tebur. Faransancinsa duk da kunne ya tsince shi, ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba, amma a unguwarmu in takardar hukuma ta zo, wani ya karanta, Baffa ne zai fassara, kuma ba a ja da shi. Ya shigo da babbar riga, suka gaisa da jam-na jam-na ɗinsu na Fulatanci shi da Baba, ya zauna ya gyara hula.

"Karanta gaban Baffanki," in ji Baba. "Shi zai faɗa mini abin da ke ciki. 'Yan lekol wayo gare ku."

"Da ƙarfi, Hajjo," in ji Baffa. Haka suke kirana maimakon Hajara. "Faransanci ba a yi masa raɗa."

Na fara karantawa. Na wuce gaisuwa, na wuce sunana, na iso inda aka rubuta fannin karatun, siyans da la mer. Baffa ya ɗaga hannu ya ce in maimaita nan. Na maimaita. Sai ya buga cinya.

"Allahu akbar! Ɗanladi, ka ji abin da na ji? La mer! Uwa ke nan. Siyans ilimi, la mer uwa. Ilimin uwa! Karatun mata masu ciki ne da haihuwa. Doktora kuwa ba sai na faɗa maka ba, likita za ta zama."

Ku da kuka yi lekol kun riga kun gane. A Faransanci teku mer ne, uwa mère, a rubuce akwai ɗan bambanci, a kunne babu ko kaɗan. Baffa bai yi ƙarya ba, abin da kunnensa ya ba shi ya faɗa. Ni ce takarda ke hannuna, ni nake ganin haruffan. Na buɗe baki zan gyara, wallahi na buɗe. Sai na dubi Baba. Fuskarsa ta zama wata iri da ban taɓa gani ba, leɓensa na motsi, idonsa ya kawo ruwa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali:

"Ashe ba ki manta ba."

Shi ke nan, bakina ya rufe. Na sha gaya wa kaina tausayinsa ne ya hana ni magana, kuma akwai tausayin. Amma tunda gaskiya na ce zan rubuta, to akwai wani abu a ƙarƙashin tausayin. Na ga ƙofa ta buɗe, na kuma san in na ce uffan za ta rufe. Ya ce in matso, ya ɗora hannu a kaina, ya sa mini albarka doguwa, ya roƙi Allah ya sa hannuna ya zama sanadin tsirar matan mutane. Baffa na ta amin, Gwaggo daga cikin gida ta rangaɗa guɗa. Na karɓi albarkar nan ina sane ba tawa ba ce. Da ya ji garin a bakin teku yake, ya ja mini kunne in tsaya a asibitina kada in kusanci ruwa, na ce to.

Mota zuwa Gaundere, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, wata motar zuwa bakin teku. Aikin da aka ba ni kan jatan lande ne. Inda kogi ke shiga teku akwai wasu itatuwa da ke tsaye cikin ruwa kan saiwoyinsu, a ƙarƙashinsu 'ya'yan jatan lande da na kifi ke ɓuya su yi ƙwari kafin su fita babban ruwa. Mutane na sare itatuwan don ƙyafa kifi, ni kuma aikina in gano me saran ke yi wa ƙananan halittun. Ruwan can yana cika ya janye sau biyu a yini, dole ka bi lokacinsa. Nakan shiga kwalekwale da wani dattijon masunci, in ja raga mai ƙananan ido, in cika kwalabe, in nutse a taɓo har cinya, in dawo in zauna gaban madubi har wuya ya ƙage. Makon farko amai na yi ta yi, dattijon na dariya yana cewa 'yar hamada ta zo. Wata uku na iya tuƙi, na iya iyo. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na shekarar nan ba, ban kuma taɓa jin kunyar kaina irin ta shekarar ba.

Don wasiƙun Baba suna zuwa. Duk wata biyu sai wani ɗan kasuwa mai sauka kudu ya kawo mini ƙunshin kilishi, a ciki da takarda da ajami, rubutu manya-manya. Baba da ba ya magana, ashe a takarda yana da baki.

"Mata nawa suka sauka lafiya a hannunki? In kin ga mai jini kada ki tsaya jiran kowa. Ki riƙa yi musu magana mai daɗi, tsoro suke ji."

Sau ɗaya ya rubuta sunan Dada cikakke, karo na farko a shekara goma sha biyar, ya ce ya yi mafarkinta tana dariya. Ni kuwa amsata kullum ɗaya ce, aiki lafiya, ana ta koyo, a ci gaba da addu'a. Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba, na iya zaɓen kalma, kuma iyawar ce ta fi ba ni haushi. Na fara wasiƙar gaskiya ya fi sau goma ina yayyagawa.

Da babbar Sallah ta zagayo na zo gida hutun mako biyu. Tun daga tasha na ga abin da shiruna ya haifa. Direba ya ce sannu da zuwa likita. A kasuwa an daina cewa Ɗanladi sai Baban Likita, har Sarkin Fawa haka yake kiransa. Ɗakin Dada da ke kulle tun rasuwarta an buɗe shi, an shafe shi da farar ƙasa, an sa gado da labule. Baba ya ce nan zan riƙa duba mata in na gama. Na tsaya a ƙofar ɗakin na ce ya yi kyau.

Kwana uku bayan Sallah, da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida, sai ga Gwaggo ta shigo riƙe da Zulai, matar Malam Iro mai rumfa kusa da ta Baba, mata huɗu na biye da su. Zulai na da cikin wata takwas. Ƙafafu sun kumbura, fuska ta kumbura, zobe ya nutse a yatsa, tana cewa kanta kamar zai tsage, tana ganin walƙiya-walƙiya a ido. Na karanta jikin ɗan Adam daidai gwargwado a jami'a, na san wannan ba abin wasa ba ne.

"Tun shekaranjiya take haka," in ji Gwaggo. "Iro ya ce a kai ta asibiti, na ce ina dalili, ga likita a gida? Mun dai bari ki huta gajiyar Sallah ne."

Kun ji? Kwana biyu baiwar Allah nan tana zaune da haɗari a jikinta tana jirana. Ni na zaunar da ita, da shiruna.

"Gwaggo, a samo mota yanzu-yanzu. Asibiti za mu."

"Haba Hajjo, ki dai taɓa ta mana. Ga ɗaki an gyara."

"Ni ba likita ba ce!" Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ga kaji sun watse. "Ban taɓa karɓar haihuwa ba, ban san komai a kai ba. Don girman Allah a samo mota!"

Aka samo tasi, na rungume Zulai a baya ina yi mata magana mai daɗi, iyakar abin da na iya ke nan, shi ma Baba ne ya koya mini a wasiƙa. A asibiti suka auna ta suka shige da ita a guje. Wata ungozoma ta ce mini da an ƙara yini, da sai dai wani labarin. Bayan azahar aka fito da yarinya 'yar mitsitsiya tana canyara kuka, uwar ma Allah ya tsare. Na jingina da bango na yi kuka har mutane suka ɗauka rasuwa aka yi mini.

Daga can ban shiga cikin gida ba, na zaga baya wajen kilishi. Baba na zaune kan 'yar kujera yana yanka nama sala-sala yana shimfiɗawa a gadon kara. Labari ya riga ni isowa, Garwa ce. Bai ɗago ba.

"An ce uwa da 'ya lafiya, alhamdu lillahi. An kuma ce kin yi wa Gwaggonki tsawa kin ce ke ba likita ba ce." Ya juya wuƙa. "Ba laifi. Shekara ɗaya tak kika yi. Ni ma sai da na shekara uku ina wankin hanji kafin mahaifina ya ba ni wuƙa. Za ki iya."

Kun gani, ya sake buɗe mini ƙofa da hannunsa. Da na ce to, da na ƙara samun shekara, wataƙila biyu. Na durƙusa a ƙasa, ƙudaje na yawo tsakaninmu.

"Baba, ba maganar tukuna ba ce. Ba zan taɓa zama likita ba. Ba karatun haihuwa nake yi ba. Baffa ya ji uwa, amma teku aka rubuta, kalmomin a kunne ɗaya suke. Na sani tun ranar, na yi shiru."

"Teku."

"Teku, Baba. Halittun cikin ruwa nake karanta. Kifi da jatan lande."

"Kina shiga ruwan?"

"Kullum."

Ya ajiye wuƙar a hankali, ya goge hannu a gwiwa. Na so ya zage ni, wallahi na so ya ɗauki wani abu ya jefe ni, da ya fi mini sauƙi.

"Shekara guda," ya ce, "duk sallar da na yi sai na roƙa miki sa'a kan matan da ke hannunki. Ashe babu matan. Na ɗauka don ita kika zaɓa."

"Ban manta da ita ba, Baba. Ko yini ɗaya."

"Na sani. Amma ba don ita ba ne."

"A'a."

"Tashi ki shiga gida."

Kwana biyar in na gaishe shi zai amsa, iyakarta ke nan. Na yanke a raina in ya ce kada in koma ba zan koma ba, in bar kwalabena da wahalar shekara, in ɗauki alli in koyar a lise. Ba jarumta ba ce, na dai san ba zan iya sake shiga ruwan nan da albarkar aro ba. Gwaggo ma sai tsaki take bina da shi, amma kullum sai na tarar ta ɓoye mini hanta a ƙasan kwano. Baffa Hamadu kuwa da kansa ya zo, hula a karkace, ya tsaya a tsakar gida yana bambami.

"Laifin Faransawa ne! Waɗanne irin mutane ne za su kira uwarsu da ruwan gishiri suna ɗaya? Shekara talatin ina ofis, ba wanda ya taɓa ce mini la mer biyu ce!"

Na ba shi haƙuri, na ce laifina ne ba nasa ba. Ya ce ai ya sani, amma su ma Faransawan ba su kyauta ba. Daga ranar bai ƙara fassara wa kowa takarda ba, kuma wannan ma yana wuyana.

Abin da ban sani ba sai daga baya, Malam Iro ne ya gaya mini, shi ne washegarin ranar da aka kai Zulai asibiti Baba bai jira gulma ta yi masa aikin ba. Ya fara da Malam Iro, ya roƙi gafararsa kan kwana biyun da Zulai ta yi a zaune, ya ce daga gidansa abin ya fito. Sannan ya tsaya gaban Sarkin Fawa da sauran mahauta ya ce kada wanda ya ƙara kiransa Baban Likita, kada kuma a ƙara kawo mai ciki gidansa, 'yarsa kifi take karanta. Kun san bakin mahauta. Aka kwashe da dariya, wani ya ce to Baban Kifi ke nan, sunan kuma ya bi shi har ƙarshen ransa, mutumin da ya shekara sittin yana zagin kifi! In aka tambaye ni me doktora ta ci mini, ba shekarun karatun nake tunawa ba, safiyar nan nake tunawa, duk da ban ganta da idona ba. Malam Iro ya ce Baba ya koma rumfa ya ɗauki gatari ya ci gaba da sara. Da ya dawo gida ya mayar da kwaɗo a ƙofar ɗakin Dada, kuma ban ƙara ganin ɗakin a buɗe ba.

Ranar da hutuna ya ƙare ban haɗa kaya ba. Na yi wanke-wanke, na share tsakar gida, na zauna. Wajen hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana kasuwa, sai ga shi ya shigo. Ya ce in same shi a zaure. Ya zauna, na durƙusa.

"Tambaya zan yi miki. Da kin faɗa mini gaskiya ranar nan, kina ganin zan bar ki?"

"A'a, Baba."

"Ba zan bar ki ba, ko da Lamiɗo ne ya roƙe ni. To kin ga ni ma da nawa. Kwana biyar ina neman in ɗora miki laifin duka, ya ƙi zama. Abin da kika yi ba kyau, ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Na yafe. Amma gaya mini, aikin nan yana amfanar wani, ko kallon kifi kawai kike yi?"

Na ba shi labarin itatuwan, da ƙananan da ke ɓuya a saiwoyinsu, da ƙauyukan da ke ci daga ruwan, na ce in aka ƙarar da itatuwan wata rana raga za ta fito ba komai. Ya saurara ido ƙanƙance, yadda yake sauraron dillalin shanu.

"Wato a bi garke ana yanka 'yan maruƙa. Baɗi babu shanu."

"Haka ne, Baba."

"To wannan na gane. Yanzu faɗa mini sunan karatun. Da Hausa, ba na son la mer ɗin nan."

"Ilimin halittun teku."

Ya maimaita. Ya sa na sake faɗa, ya sake maimaitawa, har sau uku, sai da ya zauna masa a baki. Ya ce albarkar bara wata ya sa wa da babu ita, ba ya son ya sake zuwa gaban Ubangiji da sunan da ba daidai ba. Ya ɗora hannu a kaina. Tsoron ruwan nan bai sake shi ko kaɗan ba, kuma bai ragu ba har ya bar duniya. Na zaci doguwar addu'a zai yi. Ina! Sunan ilimin ma, duk haddar da ya sha, bai ambata ba.

"Ya Allah, ga Hajara. Ita kaɗai ka bar mini. Ruwa za ta shiga, ni ba zan iya binta ba. Duk ranar da ta shiga, ka fito mini da ita."

Daga bakin ƙofa Gwaggo ta ce amin da muryar kuka, jakata a hannunta, ashe tun da safe ya sa ta haɗa. Shekara talatin da biyu na yi ina shiga ruwan nan. Sau biyu kwalekwale ya kife da ni, na biyun Baba ya daɗe da rasuwa, kuma duk sau biyun ina can ƙasan ruwa muryarsa nake ji. Na fito.